Kafin a Gama Yabon Janar Browning

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka baki ɗaya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi tsokaci a kan sharhin da kuka buga kwanan baya game da manyan hafsoshin Yaƙin Duniya na Biyu, musamman kashin da ya yi magana a kan Laftanar-Janar Frederick Browning na Birtaniya, wanda marubucin ya kira uban sojojin laima. Na ji daɗin sharhin ƙwarai, don ba kasafai ake kawo mana tarihin wannan yaƙi da Hausa ba. Sai dai akwai layi guda da ya tsaya mini a rai. Marubucin ya ce harin Arnhem na 1944, a ƙasar Holan, ya lalace ne saboda hazo da kuma nawar sojojin Folan. Hazo kam an yi shi. Amma maganar nawar 'yan Folan ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne suka zauna suka rubuta ta a takarda suka sa hannu, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake yabon.

Ni ba malamin jami'a ba ne. Tsohon soja ne, kuma ko a sojan ma ban yi suna da harbi ba. Akawu na yi, shekara 29 ina tsakanin tafireta da fayil, har na ajiye kaki ina samanja. Rahotannin sirri da manya ke rubutawa a kan na ƙasa da su, na buga su ba iyaka. Na san kalmomin da ake zaɓa in ana son a ɗaga mutum, na kuma san waɗanda ake zaɓa in ana son a binne shi da ransa: yana da wuyar sha'ani, ba ya tafiya da jama'a, gardama ta yi masa yawa. Shi ya sa tun da na yi ritaya na koma karatun tarihin yaƙe-yaƙe, duk janar ɗin da na ɗauka, wasiƙunsa nake fara nema kafin lambobin da ke ƙirjinsa.

Bari in fara ba mutumin haƙƙinsa, kada a ce ƙiyayya ce. An haifi Browning a Landan ranar 20 ga Disamba 1896, ya yi makarantar Eton ta 'ya'yan manya, ya wuce kwalejin hafsoshi ta Sandhurst, a 1915 aka ba shi anini a rundunar Grenadier Guards, ɗaya daga cikin rundunonin da ke gadin gidan sarautar Ingila. A ramukan yaƙin Faransa ya haɗu da Cocil, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, lokacin da Cocil ya bar kujerar minista ya zo koyon zaman fagen daga a bataliyarsu. A yaƙin Cambrai, farkon Disamba 1917, yana ɗan shekara 20, hafsoshin kamfani uku suka faɗi, wasu matattu wasu da rauni, shi ya tattara ragowar mutanen ya riƙe dajin da suka ƙwace ana yi musu ruwan igwa. A kan haka aka ba shi lambar bajinta ta DSO, wadda ba a cika ba ƙaramin laftana ba. Duk mai cewa Browning matsoraci ne, ƙarya yake yi. Laƙabin da ya bi shi har kabari, wato Boy, yaro ke nan, bai rage masa komai a wannan fanni ba.

Tsakanin yaƙe-yaƙen biyu ya yi shekara huɗu yana ajitan a Sandhurst, daga 1924 zuwa 1928, kuma a nan ne halinsa na biyu ya fito: son tsafta, son fareti, son a gan shi tsaf. Shi ya fara hawa matakalar tsohon ginin kwalejin a kan doki a ƙarshen faretin yaye ɗalibai, al'adar da har yau ba a daina ba. Ya wakilci Birtaniya a wasan tseren ƙanƙara na Olamfik a 1928, ya auri shahararriyar marubuciya a 1932, ya jagoranci bataliyarsa a Masar. Rayuwa dai ta ɗan gata.

Aikin da ya sa ake kiransa uba, wannan na gaske ne. A Yunin 1940, bayan Jamusawa sun nuna wa duniya abin da sojan laima zai iya yi a Holan da Beljiyam, Cocil ya ba da umarni a kafa rundunar mutum 5,000 masu dira daga sama. Umarni a takarda daban, runduna a ƙasa daban. Babu jirage, babu isassun laimomi, mayaƙan sama ba sa son ba da jiragensu, kwamandojin ƙasa ba sa son sakin zaratan yaransu. A ƙarshen 1941 aka damƙa wa Browning Runduna ta 1 ta sojojin laima, wadda a lokacin suna ce kawai. Ya san kowa a Landan, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, ya yi ta bin ofis-ofis yana faɗa yana lallashi har ya samo jirage da kaya da mutane. Ya tsaya a kan a kafa rundunar matuƙan gilaida, wato jirgin katako mara inji da wani jirgin ke ja da igiya, in an zo kusa a sake shi ya sulalo ƙasa da sojoji da ƙananan motoci da igwa a cikinsa. A zamaninsa aka ba su jar hular nan da yau sojojin laima na ƙasashe da yawa ke sawa, da tambarin doki mai fukafukai a kafaɗa. Wani zai ce hula ce kawai. Wanda ya taɓa sa kaki ya san abin da hula ke yi wa zuciyar kurtu. A Fabrairun 1942 mutanensa, ƙarƙashin Manjo John Frost, suka dira a Bruneval a gaɓar Faransa cikin dare, suka kwance na'urar hango jirage ta Jamusawa suka tsere da ita ta teku. A Tunisiya kuwa abokan gaba ne da kansu suka raɗa musu suna jajayen shaiɗanu. Duk wannan na yarda, na kuma sara masa.

Amma a lura da abu ɗaya da sharhinku ya tsallake. Daga 1918 har zuwa Satumban 1944, Browning bai ja runduna ya shiga wuta da ita ba. Ya gina, ya horar, ya ba da shawara. A harin Sisili na Yulin 1943, inda aka saki gilaida tun suna nesa da gaɓa, sama da 60 suka faɗa teku, mutum fiye da 250 suka nitse, mai ba Janar Eisenhower, babban kwamandan sojojin ƙawance, shawara ne kan sha'anin sojan laima, wani ne ke jan rundunar. Ranar dirar Normandi, Manjo-Janar Richard Gale ne ya shiga da Runduna ta 6. Hafsoshin Amurka irin su Ridgway da Gavin, waɗanda suka riga suka dira cikin wuta da ƙafafunsu, suna kallonsa a matsayin mai neman faɗaɗa gona, mai son ya haɗiye rundunoninsu. Da aka kafa babbar rundunar laima ta ƙawance a Agustan 1944, sai aka ɗora masa Ba'amurke, Laftanar-Janar Lewis Brereton, shi ya zama mataimaki. A farkon Satumba suka yi saɓani a kan wani hari da Browning ya ga an yi gaggawarsa, ko taswira ba ta isa hannun sojoji ba, har ya miƙa takardar murabus. Brereton bai roƙe shi ba, sai ma ya shirya ba Ridgway kujerar. Browning ya janye takardarsa. Ka riƙe wannan, ranka ya daɗe, don ni a ganina shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Mutumin da ya yi barazanar murabus aka ce masa ga hanya nan, ya dawo ya zauna, ba shi da bakin sake cewa a'a. Ga shi kuma an shirya hari fiye da goma tun bayan Normandi ana sokewa, kowa na cewa yaƙi ya kusa ƙarewa, uban sojojin laima bai taɓa kai 'ya'yansa fagen fama ba.

A cikin wannan hali Fil Mashal Montgomery na Birtaniya ya kawo shirinsa ranar 10 ga Satumba. Za a zubar da sojan laima kusan 35,000 a Holan, su kama gadoji a jere: Amurkawan Runduna ta 101 a wajen Eindhoven, na Runduna ta 82 a Nijmegen, Ingilishi da birged ɗin 'yan Folan can ƙurya a Arnhem, a kan kogin Rhine. Tankokin Birtaniya ƙarƙashin Janar Horrocks kuma su bi hanya guda ɗaya tak, kimanin kilomita 100, su isa Arnhem cikin kwana biyu ko uku. Mako guda aka ba su su shirya. Ana yawan cewa Browning ya faɗa wa Montgomery cewa yana jin gadar ƙarshen ta yi nisa, marubucinku ma ya kawo maganar don nuna hangen nesansa. Masana tarihi da dama na shakkar ko ya taɓa faɗin haka. Ni kuwa cewa nake, in ma ya faɗa, ai abin ya fi muni, don ya nuna ya sani ya yi shiru daga baya. Kuma in aka cire gadar Arnhem, me ya rage a shirin? Ita ce ƙofar shiga Jamus, saboda ita aka yi komai.

To ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. A hedkwatar Browning akwai wani matashin manjo mai kula da bayanan sirri, Brian Urquhart, ɗan shekara 25. Ba danginsa ba ne da Manjo-Janar Roy Urquhart da ya ja rundunar Arnhem, suna ne ya zo ɗaya. Rahotanni suka riƙa zuwa masa, daga 'yan gwagwarmayar Holan da kuma daga sama, cewa ragowar rundunonin tankoki biyu na SS, wato zaratan sojojin jam'iyyar Nazi ta Jamus, ta 9 da ta 10, suna hutawa suna gyaran kaya a kewayen Arnhem. An ragargaje su a Faransa, gaskiya ne, amma ko gurguwar tanka ta fi ƙarfin mutumin da ya faɗo daga sama da bindiga a hannu. Yaron nan ya kai wa ubangidansa maganar, ya maimaita, ya nace. Amsar da ya samu ita ce babban likitan hedkwata ya zo ya same shi, ya ce masa gajiya ta kama shi, hankalinsa ya tashi, ya tafi hutun jinya. Aka tura shi gida ana saura kwana kaɗan a tashi.

Na ga irin wannan da idona a wani ofis da ba zan ambata ba. Wani ƙaramin hafsa ya kawo lissafin da bai yi wa mai gida daɗi ba, washegari ni na buga takardar da ta ce yana bukatar hutu. Hannuna na rawa na buga ta, amma na buga. Don haka ba na zagin likitan nan, na san yadda ake yi. Wanda ya aiko shi nake kallo. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba a ce wa kowa a soke hari ba, ai wannan ya fi ƙarfin Browning. Amma ko kwamandojin bataliyar da za su dira ba a gaya musu gaskiyar abin da ke jiransu ba, balle su ƙara ɗaukar makaman fasa tanka. Shi kuwa yaron da aka ce hankalinsa ya tashi, ya yi shekara 40 yana aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai muƙamin mataimakin babban sakatare, yana cikin waɗanda suka gina aikin sojojin kiyaye zaman lafiya, ya rasu a 2021 yana da shekara 101, da hankalinsa garau.

Akwai kuma batun wurin sauka. An sauke Ingilishi kilomita 10 zuwa 13 daga gadar da aka aike su kamawa, kuma kashi-kashi cikin kwana uku, don jirage ba su isa ba kuma kwamandojin sama sun ƙi yin sawu biyu a yini. Wannan ba laifin Browning kaɗai ba ne, Brereton da mayaƙan sama suna da kaso babba. Amma a ranar farko, 17 ga Satumba, ranar da kowane jirgi ya fi zinariya tsada, Browning ya ware jirage 38 don su kai hedkwatarsa Holan: akawuna irina, direbobi, masu dafa abinci, tebura, na'urori. Jiragen nan da sun ɗauki mayaƙa da igwa zuwa Arnhem. Ya sauka kusa da Groesbeek, a yankin Amurkawa, an ce ma da saukarsa ya ruga bakin dajin Reichswald, ya dawo yana cewa so yake ya zama hafsan Ingilishi na farko da ya yi fitsari a ƙasar Jamus. Abin dariya ne, na yi dariyar ni ma. Amma da ya zauna a mazauninsa, sai ya tarar na'urorin sadarwarsa ba sa kaiwa Arnhem, ba sa kaiwa Ingila yadda ya kamata. Kwanakin farko janar ɗin da ke jan runduna uku ya zama kurma, makaho. Da a Ingila ya tsaya, inda wayoyi da filayen jirage suke, da ya fi amfani.

A Nijmegen, shi da Gavin, kwamandan Runduna ta 82, suka fifita riƙe tudun Groesbeek a kan kama babbar gadar kogin Waal, don tsoron kada Jamusawa su fito daga daji. A yammacin ranar farko masu gadin gadar kaɗan ne. Kafin a waiwaye ta, SS sun iso sun kafa. Tankokin Horrocks suka zo ranar 19 suka tarar hanya a toshe. Sai ranar 20 aka ƙwace ta, bayan Amurkawa sun tsallaka kogin da rana tsaka a ƙananan kwale-kwalen tamfol 26, wasu na tuƙi da gindin bindiga, ana harbinsu kamar agwagi. A daidai lokacin, kilomita 18 gaba, Frost da mutanensa wajen 740, waɗanda suka riƙe bakin gadar Arnhem na arewa kwana uku da dare huɗu, harsashi ya ƙare musu, gidajen da suke ciki na ci da wuta. A cikin waɗannan kwanaki kwamandan Runduna ta 52 da ke zaune a Ingila ya aiko cewa a shirye yake ya kawo ɗauki ta sama. Browning ya mayar masa da godiya, ya ce ba a bukata, al'amura sun fi yadda yake zato kyau.

Yanzu mu zo kan 'yan Folan da aka ce sun yi nawa. Shugabansu Manjo-Janar Stanisław Sosabowski, dattijo ne ɗan shekara 52, ya yi yaƙin farko, ya kare Warsaw a 1939, aka kama shi ya gudu, ya bi ta Faransa ya isa Birtaniya, ya kafa birged ɗinsa a Sikotilan da buri ɗaya: ranar da za a 'yantar da ƙasarsu, su dira a cikinta. A Agustan 1944 mutanen Warsaw suka yi wa Jamusawa bore, ana yanka su unguwa-unguwa, ɗan Sosabowski na cikinsu, a nan ya rasa idanunsa. Birged ɗin na zaune a Ingila, an riga an sa su ƙarƙashin umarnin Birtaniya, ba a kai su ba. Aka ce Holan za su. Mutumin ba shi da daɗin baki, wannan kowa ya shaida. Tun a shirin farko da aka soke ya tashi a gaban manya yana tambaya, to Jamusawan fa, ina aka ajiye su a lissafin nan? Har ya nemi a ba shi umarnin a rubuce, don kada gobe a ce shi ya kai yaransa mahallaka.

An tsara su dira ranar 19. Hazo ya rufe filayen jirage a Ingila, ba su tashi ba sai 21, kuma ko a ranar an kira wani kashi na jiragen su koma, mutum wajen 1,000 ne suka sauka a ƙauyen Driel, kudu da kogi, Jamusawa na harbinsu tun suna lilo a sama. Jirgin fiton da aka ce zai tsallakar da su, babu shi. Igwoginsu na fasa tanka an riga an sauke su a ɗaya gaɓar. Dare biyu suna ƙoƙarin haye kogin Rhine a 'yan kwale-kwalen roba da abin da ya samu, ruwa na ja, wuta na zuba, mutum wajen 200 suka kai ga Ingilishin da aka yi wa ƙawanya a Oosterbeek. Ina nawar take? Wa ke da iko da hazo, wa ke da alhakin kawo kwale-kwale? Zuwansu ma ya tilasta wa Jamusawa janye sojoji zuwa kudancin kogi, waɗanda ke cikin ƙawanya suka ɗan sami numfashi.

Ranar 24 aka yi taro a Valburg. Sosabowski ya ce in za a haye, a haye da ƙarfi, runduna guda, a wani wuri can ƙasa inda Jamusawa ba su yi kauri ba. Tura bataliya ɗaya a inda ake nufi kisan kai ne. Aka ƙi saurarensa, aka cire bataliya guda daga hannunsa aka ba wani birgediya da bai kai shi muƙami ba, a gaban jama'a. A daren aka tura bataliyar Dorset ta haye a inda ya hana, akasarinsu aka kashe ko aka kama. Daren 25 aka kwashe ragowar. Cikin mutum sama da 10,000 da suka sauka arewacin kogi, kimanin 2,400 suka dawo. Wajen 1,500 sun mutu, sama da 6,000 sun shiga hannu. Roy Urquhart ya iso masaukin Browning a Nijmegen jiƙe sharkaf, kwana tara bai yi barcin kirki ba, ya jira, sai ga mai gida ya fito tsaf kamar mai zuwa fareti, ya ba shi abin sha, ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya je ya huta. Montgomery kuwa ya ce an ci nasara kashi 90 cikin 100. Mutanen Holan da aka kora daga Arnhem, da waɗanda yunwar hunturun da ya biyo baya ta kashe, wajen mutum 20,000, ba a tambaye su nasu lissafin ba.

In an yi asara irin wannan, dole a sami wanda zai ɗauka. Ba za a taɓa Montgomery ba, gwarzon ƙasa ne. Ba za a taɓa Amurkawa ba, su ke da jirage da mai. Horrocks ɗan gida ne. Sai aka waiga aka ga baƙo, mai kaushin harshe, wanda gwamnatinsa ke gudun hijira a Landan tana cin arzikin masu masauki, ƙasarsa kuma Rasha na shirin haɗiyewa. A Oktoba Montgomery ya rubuta wa babban hafsan hafsoshi cewa 'yan Folan ba su yi faɗan kirki ba. A Nuwamba Browning ya rubuta tasa wasiƙar zuwa ga mataimakin babban hafsan, Laftanar-Janar Ronald Weeks. Ranar da na fara karanta abin da ke cikinta, wallahi sai da na ajiye littafin, don na gane kowace kalma. Ya ce mutumin yana da wuyar aiki da shi. Ya ce bai fahimci gaggawar al'amarin ba. Ya ce mai gardama ne, ba ya son taka rawarsa sai an yi masa komai. Ya ba da shawara a canza shi a kawo wanda ya fi ƙuruciya da sauƙin kai. Babu inda aka ce ya gudu, babu inda aka ce ya ƙi umarni, don ba za a iya cewa ba. Hali kawai aka kama, shi ne ba a iya ƙaryatawa. Haka ake shafa wa mutum kashin kaji a soja, da tsabtataccen Turanci, a kan farar takarda, kwafi uku. Kafin ƙarshen Disamba an raba Sosabowski da birged ɗin da ya gina da hannunsa.

Browning fa? A Disamban nan dai aka tura shi Silon, wato Sri Lanka ta yau, ya zama shugaban ma'aikatan Lord Mountbatten, mai riƙe da yaƙin kudu maso gabashin Asiya. A nan hanyarsa ta gitta ta gidanmu, don a ƙarƙashin wannan hedkwata Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙin Bama, mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu ɗaukar kaya a ka a dazukan Arakan, abincinsu ma daga sama ake jefo musu da laima. Bai taɓa jin sunan Browning ba har ya koma ga Allah. Kuma a gaskiya aikin ofis ya karɓi Browning, ya yi shi da kyau, shi ya sa hannu a yarjejeniyar farko ta miƙa wuyan Japanawa a Rangun a Agustan 1945. Ina ma tun farko a nan aka bar shi. Ya dawo gida aka ba shi sarautar Sir, ya riƙe ofishin da ke kula da ƙarin girma da naɗin hafsoshi, a 1948 ya koma fada yana kula da gidan Gimbiya Alizabet, bayan ta hau gado ya zama ma'ajin mijinta. Ƙarshensa bai yi daɗi ba: giya, rashin lafiyar ƙwaƙwalwa a 1957, ritaya a 1959, aka yanke masa ƙafa, ya mutu ranar 14 ga Maris 1965. Ba na murna da wannan. Mai yiwuwa abin da ya gani yana ɗan shekara 20 bai taɓa sakinsa ba, mai yiwuwa Arnhem ma haka. Da aka yi wani fim a 1977 da ya nuna shi a mummunar kama, matarsa ta yi ta faɗa tana kare shi, kuma ban ga laifinta ba.

Sosabowski bai sami mai kare shi ba. Gwamnatin kwaminis ta Folan ta ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa a 1946, ba shi da fansho, ya zauna a Landan ya shiga wata masana'antar kayan lantarkin mota yana aikin leburanci, manjo-janar guda, har tsufa ya ci shi. Ya mutu ranar 25 ga Satumba 1967, ranar da ta yi daidai da daren da aka kwashe ragowar mutanen Arnhem shekara 23 baya. Sai a 2006 Sarauniya Beatrix ta Holan ta ba birged ɗinsa lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasarta, shi kuma aka ba shi lambar Zakin Tagulla yana kabari. A shekarar ce kuma tsofaffin sojojin laima na Birtaniya, waɗanda suka kwana a ramukan Oosterbeek suka ga waɗanda suka haye kogi suka zo musu, suka tara kuɗi daga aljihunsu suka kafa masa dutsen tunawa a Driel.

Don haka roƙona, ranka ya daɗe, a bar wa Browning hularsa da dokinsa mai fukafukai, nasa ne, ya yi musu gumi. Amma layin nan na nawar sojojin Folan, a taimaka a gyara shi a fitowa ta gaba, ko da a ƙasan shafi ne da ƙananan baƙaƙe. In marubucin yana da hujjar da ta wuce wasiƙun Montgomery da Browning, ina nan ina sauraro, tabarau na kusa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Naka,
Samanja mai ritaya, tsohon akawun soja